Wa ke ba 'yan fim izinin rufe titi?

Titi na kowa ne, don haka a manyan birane babu mai wayar gari ya datse shi saboda ɗaukar fim sai da takardar izini. Abin da doka ta fi sa wa ido shi ne tare hanya. A New York, mutum na iya ɗaukar abinsa da kyamarar hannu ko mai ƙafa uku ba tare da izini ba, muddin bai mamaye wurin ba. Da zarar ya jibge fitilu da manyan motoci, to sai ya nufi ofishin magajin gari mai kula da fina-finai, wanda aka kafa tun 1966. A can za a nemi inshorar aƙalla dala miliyan 1, domin idan ƙarfe ya faɗo wa mai wucewa, birni ba ya son a kama shi da biyan diyya.

Rufewar ma iri biyu ce. Akwai tsayar da motoci na 'yan mintoci, a ɗauka, a sake su. Akwai kuma toshe titin gaba ɗaya, wanda ya fi wuyar samu, don sai an nuna inda za a karkatar da motoci da yadda motar asibiti ko ta kashe gobara za ta ratsa. In akwai bindigar wasa ko ɗan wasa sanye da kakin 'yan sanda, dole a sanar da 'yan sandan gaske, kada wani ya hango ya ɗauka fashi ake yi.

A Landan, dokar 2008 ce ta ba hukumomi ikon rufe titi musamman don fim: rufewar da aka yi da takardar sanarwa ta ɗan lokaci ba ta wuce awa 24, wadda aka yi da umarnin hukuma kuma ba ta wuce kwana 7.

Sai maganar maƙwabta, wadda a ganina ita ce ta fi muhimmanci. A Los Angeles, ƙungiyar FilmLA, mai shirya izinin ɗaukar fim a birnin, ke raba wa mazauna unguwa takardar sanarwa kafin ranar aiki. Lokacin da aka saba a unguwannin zama shi ne ƙarfe 7 na safe zuwa 10 na dare. Mai son wuce haka sai an bi gida-gida an ji ta bakinsu. Sai dai jin ta bakin mutum daban, ba shi ikon hanawa daban. Mai shagon da aka tare wa ƙofa yakan tattauna diyyarsa ne da kamfanin fim kai tsaye, hukuncin ƙarshe kuwa yana hannun hukumar birni, wadda ke iya janye izinin idan aka saɓa sharaɗi.