Koyar da Lantarkin Mota da Gwada Ɗan Koyo: Tambayoyi da Amsoshi

A Jidda da Makka akwai matasa Hausawa da dama, waɗansu haifaffun ƙasar, waɗansu kuma zuwa suka yi, waɗanda suke koyon gyaran lantarkin mota a warshoshin Sina'iyya, wato garejojin unguwar masana'antu, a hannun iyayen gidansu. Tambayoyin da ke tafe su ne waɗanda masu koyarwa da iyayen yara suka fi yi game da abin da ya kamata a fara koyarwa, da kuma yadda za a tabbatar cewa yaro ya iya aikin kafin a saki masa motar mutane.

Da me ya kamata a fara wa ɗan koyo?

A fara masa da batir, domin a nan ne ya fi saurin jin rauni. Batirin ƙaramar mota yana da ɗakuna 6, kowanne yana ba da kimanin bolt 2.1, kuma a cikinsu akwai ruwan asid mai cin fata da tufafi. Lokacin da ake cajinsa yana fitar da iskar haidurojin, wadda tartsatsi kaɗan ya isa ya tayar da ita. Saboda haka yaro ya saba da cire zobe da agogon ƙarfe kafin ya sa hannu a inji, ya kuma san cewa kan negetif ake fara kwancewa, shi ne kuma na ƙarshe wajen ɗaurewa. Kada a ba shi wannan a matsayin doka kawai, a gaya masa dalili: jikin motar gaba ɗaya a haɗe yake da negetif, don haka idan ya fara da fozitif kuma sifanarsa ta taɓa ƙarfen mota, ɗaruruwan amfiya za su bi ta cikin sifanar nan take.

Bayan wannan sai da'irar wuta. Wuta tana fita daga fozitif, ta bi ta fis, ta bi ta makunni, ta shiga abin da zai yi aiki da ita, sannan ta koma batir ta jikin mota. Yawancin masu koyo suna riƙe rabin farko su manta da hanyar komawa, alhali kuwa matsaloli masu yawa a can suke ɓuya. Maigida ya sa yaro ya haɗa wannan da'ira da hannunsa a kan katako, da batir da fis da makunni da ƙwan fitila ɗaya, kafin ya taɓa kowace mota.

Shin lissafi dole ne ga wanda bai yi nisa a makaranta ba?

Dole ne, amma ɗan kaɗan ne, kuma wanda ya iya lissafin riyal zai iya shi. Ana iya kwatanta masa da tankin ruwa da ke saman gidajen Jidda: tsayin tankin shi ne bolt, yawan ruwan da ke gudu a bututu shi ne amfiya, ƙuncin bututun kuwa shi ne turjiya, wadda ake aunawa da om. Dangantakar ukun ita ce ƙa'idar da Bajamushe Georg Ohm ya wallafa a 1827, wato bolt daidai yake da amfiya sau om. Sai ƙa'ida ta biyu, wato wat daidai yake da bolt sau amfiya.

Amfanin wannan yana fitowa ne a wurin fis. Ƙwan babbar fitila mai wat 55 a kan bolt 12 yana jan kimanin amfiya 4.6, guda biyu kuma sun zarce amfiya 9 kaɗan. Yaron da ya yi wannan lissafin da kansa zai gane cewa lambar da ke kan fis ba ado ba ce, zai kuma haddace launukan cikin sauƙi: ja amfiya 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Mafi muhimmanci, zai fahimci cewa fis yana kare waya ne daga ƙonewa, don haka wanda ya cire mai amfiya 10 ya sa mai 30, ko ya naɗa zaren waya a gurbinsa, ya mayar da wayar motar ita ce abin da zai fara narkewa. Ina ganin duk warshar da ake barin yaro ya yi wannan ba tare da an tsawata masa ba, ta cuce shi tun daga tushe.

Mita ta nuna bolt 12 a kan waya, amma abin bai yi aiki ba. Yaya za a bayyana wa yaro wannan?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce nauyi a matakin farko, kuma a kanta ya kamata mai koyarwa ya fi daɗewa. Mita, wato na'urar awon wuta, ba ta jan wuta sai 'yar mitsitsiya, saboda haka ko zare ɗaya tak ya rage a cikin wayar da ta kusa tsinkewa, mita za ta nuna bolt 12 lafiya lau muddin ba a kunna komai ba. Da zarar an kunna fitila ko fanka, zaren nan ya kasa ɗaukar nauyin, sai ƙarfin wutar ya zube a hanya. Abin da ake koya wa yaro shi ne ya auna da'ira tana cikin aiki: ya ɗora tsinken mita ɗaya a farkon waya, ɗayan a ƙarshenta, sannan a kunna. Lambar da ya gani ita ce bolt ɗin da ya salwanta tsakanin wuraren biyu.

Misalin silf, wato abin da ke juya inji wajen tashi, ya fi fito da batun fili. A ce yana jan amfiya 150, kuma tsatsa a kan batir ta haifar da turjiyar om 0.01 kawai. Idan aka auna turjiyar da mita, za ta nuna kusan sifili, yaro ya ce wayar ƙalau take. Amma 150 sau 0.01 ya ba da bolt 1.5, wanda ya isa ya sa silf ya riƙa juyawa da ƙyar, kuma wat 225 na zafi yana taruwa a wannan ɗan wurin. A babbar wayar silf, asarar da ta wuce kimanin rabin bolt alama ce ta matsala, a ɓangaren komawa kuwa ana son ta gaza haka. Sau da yawa ana sayar wa mai mota sabon batir ko sabon silf a kan abin da burushin ƙarfe da ƙara ɗaure noti za su magance, kuma mai motar, wanda watakila direba ne da ke ciyar da iyali daga jigilar alhazai tsakanin Jidda da Makka, shi ne yake biyan kuɗin rashin sanin. Yaron da ya ƙware a wannan awo ya riga ya wuce mutane da yawa da suka shekara goma suna sauya kaya bisa zato.

Waɗanne lambobi ne ya wajaba ya riƙe a kansa?

Ba su da yawa. Batir mai cikakken caji, bayan ya huta, yana nuna bolt 12.6, idan ya nuna 12.2 ya kai kusan rabi, idan kuwa ya sauka zuwa 12.0 to saura kaɗan. Lokacin tayar da inji bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 ba. Idan inji yana aiki, dinamo, wato abin da ke cajin batir, idan mai lafiya ne yakan ba da tsakanin 13.8 da 14.5, ko da yake a sababbin motoci kwamfuta tana ragewa tana ƙarawa gwargwadon buƙata. Motar da aka kashe aka kulle, bayan kwamfutocinta sun yi barci, bai kamata ta riƙa jan fiye da kimanin miliamfiya 50 ba (miliamfiya 1000 ne amfiya ɗaya). Manyan motoci da bas-bas na bolt 24 ne, wato batir biyu a jere.

A ƙara masa da abin da ya shafi yanayin Hijaz. A Makka zafin bazara yakan wuce digiri 45, a ƙarƙashin murfin inji kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba, kuma zafi yana ƙafar da ruwan batir yana cinye farantansa, shi ya sa batir ba ya daɗewa a nan kamar yadda yake yi a ƙasashe masu sanyi. A Jidda kuma danshin Bahar Maliya da gishirinsa suna sa kawunan wayoyi tsatsa. Akwai wata tsohuwar dabara da ya kamata a hana yaro gaba ɗaya, wato cire kan batir inji yana aiki don a ga ko dinamo yana caji. Batir ne yake shanye hauhawar wuta, idan aka cire shi hauhawar tana iya ƙona kwamfutar mota, alhali mita za ta ba da amsar cikin daƙiƙa goma.

Zanen wayoyi da haruffan Turanci yake zuwa. Wanda Hausa da Larabci kawai ya sani zai iya karanta shi?

Zai iya, domin alamomi da lambobi ne suka fi yawa a ciki. A zanen Toyota, B baƙi ne, L shuɗi, W fari, kuma fara mai ratsin baƙi yawanci ita ce mai komawa jikin mota. A kan katawet, wato makunnin da ke aiki da maganaɗisu, lambobin 85 da 86 na naɗin da ke jan maganaɗisu ne, 30 shigar wuta, 87 fitarta. Mai koyarwa ya ba yaro zanen da'ira ɗaya da alƙaluma masu launi, ya sa shi ya bi hanyar wutar daga batir har ta koma, sannan ya nuna kowane wuri a jikin motar.

Tunda akwai kwamfutar gwaji, me ya sa za a wahalar da yaro da mita?

Domin kwamfuta tana faɗin inda ta ga alamar ciwo ne, ba ta faɗin musabbabinsa. Lambar P0562, alal misali, tana nufin wutar mota ta yi ƙasa, amma ba ta ce ko dinamo ne, ko bel, ko waya mai tsatsa ba. Soket mai ramuka 16 da ake soka na'urar, wanda ya zama wajibi a motocin Amurka tun 1996, shi kansa wurin awo ne: rami na 16 wutar batir ce, na 4 da na 5 hanyar komawa, kuma idan an cire batir, tsakanin na 6 da na 14 ya kamata a samu om 60 a motocin da kwamfutocinsu ke magana ta tsarin CAN da kamfanin Bosch ya fito da shi a 1986. A bari sai yaro ya iya mita sannan a miƙa masa kwamfuta.

To, yaya za a gwada shi a san ya iya?

A dasa masa matsala da gangan, a tsaya ana kallonsa. Ana iya samo tsohuwar dafira, wato damin wayoyin mota, da fitilu da katawet daga tashlih, inda ake sayar da kayan matattun motoci, a shimfiɗa su a kan allo, ko a yi amfani da motar warsha. Mai gwaji ya sassauta wayar komawa ta fitilar baya, ko ya sa fis da ya tsinke ta inda ido ba ya gani, ko ya ɓoye ƙaramar turjiya a cikin waya, sannan ya faɗa wa yaro ƙorafin kamar yadda mai mota zai faɗa: idan na taka birki sai fitilar sigina ta kama. Daga nan ya yi shiru.

Abin dubawa shi ne hanyar da yaron ya bi. Shin ya fara tabbatar da ƙorafin da idonsa? Shin ya duba batir kafin komai? Ya ɗauko zane, ko kuwa ya shiga fizge wayoyi? Ya sa mita a ma'aunin da ya dace? Yaron da ya gano matsalar bisa sa'a cikin minti biyu bai kai wanda ya ɗauki minti ashirin yana aunawa bi da bi ba, kuma duk kayan da ya cire alhali lafiyarsa ƙalau, a rage masa maki a kansa. Bayan ya gama, a tambaye shi da baki, da Hausa ko Larabci, duk wanda ya fi sakewa da shi: me ka gani, me ya sa ka auna nan, da lambar ta fito daban me za ka yi? A nan ne ake bambanta wanda ya fahimta da wanda ya kwaikwayi hannun maigidansa. Takardar tambayoyi tana da amfaninta wajen lissafi da alamomi, amma a ra'ayina kaso mafi tsoka na maki ya tafi ga aikin hannu.

Akwai kurakuran da ba a sassauta musu komai kyawun sauran aikin: fara kwance fozitif, sa fis da ya fi ƙima, da soka ƙwan gwaji ko mita a soket mai launin rawaya na jakar iska, domin hakan yana iya fasa ta a fuskarsa. Wanda ya yi ɗaya daga cikinsu ya sake gwajin wata rana. Kada kuma a yanke hukunci da gwaji ɗaya, a maimaita da matsaloli daban-daban a fitilu, da caji, da tashin inji.

Ina batun takardar shaida?

A Saudiyya, hukumar horar da fasaha da sana'o'i, wadda aka kafa a 1980, ita ce take kula da kwalejojin fasaha da cibiyoyin koyon sana'a, kuma a Jidda akwai babbar cibiyar motoci ta haɗin gwiwar Saudiyya da Japan, wadda aka buɗe a 2002 don horar da 'yan ƙasa. Ga ma'aikata baƙi kuwa, ma'aikatar da ke kula da ƙwadago ta fara shirin gwajin sana'a a 2021, mai ɓangaren rubutu da ɓangaren aikin hannu, kuma lantarkin mota yana cikin sana'o'in da ya shafa. Maigidan da ya saba gwada yaransa ta hanyar da aka bayyana ya riga ya shirya su ga wannan zama.

Ya kamata ɗan koyo ya taɓa motoci masu haɗa fetur da lantarki?

A matakin farko, a'a. Irin waɗannan motoci, da Toyota ta fara sayarwa da Prius a 1997, sun yawaita a titunan Jidda, kuma kamfanin Lucid ya buɗe masana'antar haɗa motocin lantarki a birnin tattalin arziki na Sarki Abdullah a 2023, don haka yaro zai gamu da su ko ba jima ko ba daɗe. Babban batirinsu yawanci yakan wuce bolt 200, abin da yake iya kashe mutum. Abin da ake buƙata daga gare shi yanzu shi ne ya gane wayoyi masu launin lemo ya nisance su, ya kuma san cewa injin yana iya tashi da kansa muddin motar tana kunne, ko da tana tsaye shiru. Aiki a kan wannan ɓangare sai bayan horo na musamman, da safar hannu mai jure bolt 1000, da bin matakan kashe babbar wutar kamar yadda kamfanin motar ya tsara, tare da ƙwararre a tsaye kusa da shi.