Me ake nufi da "mai rajista" a kayan jinyar gida?

Idan mai shago a Gusau ya ce maka na'urar awon hawan jini ko ta awon suga da ya miƙo maka "mai rajista ce", tambaye shi: wace rajistar? Takardu iri biyu ne ake kira da wannan suna, kuma ana yawan cakuɗa su.

Ta farko ta kayan ce. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke yi wa na'urorin jinya rajista, ta ba su lambar da ake bugawa a jikin kwali. Neman wannan lamba ba aikin mai shago ba ne. Kamfanin da ya ƙera kayan ne ke nema, ko wanda ya shigo da su daga waje da takardar wakilcin kamfanin. Wa'adinta shekara 5 ne, sai a sabunta. Kuma kowane samfuri da tasa lambar, ko da kamfani ɗaya ne ya yi su. Ta nan masu jabu ke shigowa: su kwafi lambar wani kaya su manna a nasu. Saboda haka ganin lamba kawai bai isa ba. Neme ta a manhajar Greenbook ta NAFDAC, ka ga ko sunan da ya fito shi ne na abin da ke hannunka.

Ta biyu ta wurin ce. Kemis ko famasi da ke haɗa waɗannan kaya da magani yana buƙatar lasisin hukumar PCN, mai kula da harkar magunguna. Shi shekara guda yake yi, ya ƙare ranar 31 ga Disamba. Da adireshin shagon aka ɗaure shi, wato wanda ya tashi daga Tudun Wada ya koma Sabon Gari sai an sake zuwa an duba sabon wurin. Takardar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, da wasu ke ratayewa a bango kuwa shaidar sunan kasuwanci ce kurum.

Dalilin duba wuri a bayyane yake. Yawancin tsinken awon suga, waɗanda ake ɗiga wa jini a na'urar, an rubuta a robarsu kada ajiyarsu ta wuce zafin digiri 30, alhali a watan Afrilu Gusau kan kai 40. Tsinken da ya yi bazara a shagon kwano marar silin na iya ba da lissafin ƙarya, lambar NAFDAC ɗinsa kuwa ta gaske ce, ranar lalacewarsa ma ba ta zo ba.