Masu tambayata harkar sarƙa da bid (duwatsun ado da ake zurawa a zare), ga amsarku nan gaba ɗaya

Wallahi na gaji da maimaita magana ɗaya. Duk bikin da na je, duk sunan da na leƙa, sai wata ta ja ni gefe, Anti ke kika yi sarƙar nan? ina kike sayen kaya? nawa zan tanada? Jiya ma da daddare ina tsaka da odar anko ta mutum 12 'yar ƙanwata ta kira ni da tambayar da na amsa mata tun kafin azumi. To ga shi na zauna na rubuta, wadda ta sake tambaya wannan zan miƙa mata.

Sai na shiga makaranta kafin in iya?

A'a. Ki samu mai yi ki zauna gefenta sati 2, ki riƙa miƙa mata almakashi kina kallon hannunta. Sauran hannunki ne zai koya miki.

Nawa ne jari?

Ba zan faɗi lamba ba, farashin da na saya watan jiya ba shi ne na yau ba, dala na motsawa kayan nan sun motsa. Abin da zan ce kawai kar ki sayar da akuyarki ko ki ɗauki adashi saboda wannan. Kuɗin da idan ya narke ba za ki kwana kina kuka ba, da shi ake farawa.

Me zan fara saya?

Filaya 3: mai zagayen baki ta lanƙwasa waya, mai faɗin baki ta matsewa, da mai yanka. Ba filayar mai gyaran babur ba don Allah, haƙoranta kan karce ƙarfe. Sai zare kala 3, fishin layin (zaren kamun kifi) mai kaurin milimita 0.3 ko 0.35 na saƙa, taiga tel (siririyar waya mai rufin roba) 0.38 ko 0.45 na sarƙa mai nauyi, da zaren roba 0.8 na abin hannu da jigida. Sai ƙananan ƙarafa, wato huk na ɗaurewa, 'yan zobban haɗi, sitofa (ɗan ƙarfen da ake matsewa ya riƙe ƙarshen zare), ƙugiyar ɗan kunne. Tef ɗin tela. Tire da tsohon tawul a shimfiɗe a kai don kar duwatsun su yi ta gangarawa ƙarƙashin gado.

Bid kuwa kala 3 ya ishe ki. Na ce 3. Na san halinku, za ki shiga shago ki ga kiristal na walƙiya a jere hankalinki ya tashi, ki kwaso kala 15, ki dawo gida ki tarar ba ki sayi huk ko ɗaya ba. Ni ma haka na yi, har yanzu akwai wani ruwan hoda a gwangwanin madara da ban taɓa samun abin yi da shi ba.

A ina ake samu?

Mu a Kano, kayan gargajiya irin su tsakiya, murjani, jigida da duwatsun wuya Kasuwar Kurmi ake nufa, kasuwar da take nan tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, kuma lungunanta kan ɓatar da baƙo, ki tafi da wanda ya sani. Kayan zamani da ƙarafa ki duba Sabon Gari. Masu sari da yawa Legas suke yi, Balogun da Idumota, ko Anacha. In kina son abin da ba kowa ke da shi ba, masagan Bida, wato masu aikin gilashi na garin, suna narka kwalba su yi tsakiya da awarwaro, mutanen Krobo a Gana ma da garin kwalba suke yin nasu, akwai kasuwar duwatsu a Koforidua duk Alhamis, azurfa mai zane kuma sai maƙeran Agadas. Amma wannan na gaba ne, ke da ba ki iya ƙulli ba tukuna me za ki yi da azurfar Agadas.

Mene ne 6/0 da 11/0 da nake gani a jikin leda?

Girman ƙananan bid ne, waɗanda 'yan kasuwa ke cewa san bid. Lamba na hawa dutse na ƙanƙancewa: 6/0 wajen milimita 4, 8/0 wajen 3, 11/0 wajen 2. Ki fara da 8/0, idonki zai gode miki. Na Japan irin su Miyuki da Toho kansu ɗaya kamar an auna, masu araha kuwa wani ƙato wani ƙarami, wani ramin ma a toshe.

Sarƙata tsinkewa take yi, ko an yi min baki ne?

Ba wanda ya yi miki baki. Dutse mai nauyi kika zura a siririn fishin layin, ko bakin ramin kiristal ɗin na da kaifi yana cin zaren a hankali, ko kuma kin ɗiga sufa gulu a kan ƙullin, shi kuma busar da zare yake yi ya sa ya karye kamar taliya. Mai nauyi a sa masa taiga tel a matse da sitofa 2. Zaren roba kuma ki ja shi sau 3 ko 4 ya saki jiki kafin ki fara zurawa, in ba haka ba bayan sati abin hannun ya zama na ƙafa.

Wane ƙarfe zan saya wanda ba ya koɗewa kuma ba ya sa ƙaiƙayi?

To nan ne maganar take, ku gyara zama, don wannan ce tambayar da ke kashe sana'a ko ta raya ta, kuma ba ta da amsa guda.

Da farko dai duk abin da aka yi wa ruwan gwal zai koɗe, yaushe ne kawai ba a sani ba. Ruwan nan siriri ne ƙwarai, a ƙarƙashinsa akwai wani ƙarfen daban, to shi na ƙarƙashin shi ne abin tambaya. In baƙin ƙarfe ne zai yi tsatsa. In tagulla ce ko wani haɗi mai jan ƙarfe a ciki, da ruwan ya goge sai wuyan mutum ya yi kore, ba cuta ba ce yana fita da sabulu, amma je ki faɗa wa amaryar da ta ga koren layi a wuyanta ranar kamu. Ƙaiƙayi da ƙuraje a kunne kuma yawanci wani sinadarin ƙarfe ne da ake kira nikel ke jawowa, wasu jikinsu bai damu da shi ba sam, wasu kuwa sai kunnen ya kumbura ya fara ruwa. Shi ya sa abu ɗaya za ki sayar wa mutum 2, ɗaya ta yi shekara tana sa miki albarka ɗaya ta dawo da shi a leda ranta a ɓace, kuma duk cikinsu ba mai ƙarya.

Ni dai yanzu huk da ƙugiyar ɗan kunne na sitenles nake saya, wanda ake rubuta wa 304 ko 316L. Ya fi tsada, ya fi tauri wajen buɗe zobe, hannu kan yi ciwo, amma ba ya tsatsa da wuri. Ban ce miki ba ya da nikel ba fa, yana da shi, sai dai ba ya sakinsa sosai, don haka yawancin mutane suna zaune lafiya da shi, kaɗan kuma ko shi ɗin ba sa ɗauka. Irin waɗannan sai azurfa ta gaske mai hatimin 925, wato kashi 92.5 cikin 100 azurfa ce, ko gwal. Azurfar ma tana yin baƙi in ta sha iska, bambancin ita ana gogewa ta dawo fes, mai ruwan gwal kuwa in ya tafi ya tafi. Hatimin kuma kar ki rantse a kansa, bugawa ake yi, wanda ya so ya buga 925 a jikin gwangwani ma zai buga.

Akwai masu gwadawa da maganaɗisu. Yana taimakawa rabi da rabi. In ya manne ƙam, akwai baƙin ƙarfe, ajiye. In bai manne ba wannan bai nuna komai ba, tagulla ma ba ta mannewa. Wani mai shago ya taɓa rantse min har da dafa ƙirji cewa kayansa ba sa koɗewa, na kwashi huk da zobba na yi ankon ƙawayen amarya, lokacin damina ne, kwana 10 bayan biki aka fara aiko min hotuna, duk sun koma kalar tsohon kwabo. Da kuɗina na canza wa kowa, ribar odar gaba ɗaya ta tafi a nan, mutum 2 ma ba su sake sayen ko ɗan kunne a hannuna ba. Tun daga ranar ba na jin rantsuwar kowa. Leda ɗaya ƙarama nake saya, in zura guda a zare in ɗaura a hannuna sati guda, da shi zan yi wanke-wanke, alwala, girki, in shafa mai, wani kuma in jefa a ruwan gishiri ya kwana. Wanda ya tsira shi zan koma in sara, kuma ko hakan ba tabbas ba ne, don kan faru ki koma shago ɗaya, leda iri ɗaya, amma kaya sabon zuwa ne daban.

Sannan ita ma mai sawa da nata laifin. Humra, turaren fesawa, zufa, man shafawa musamman na bilicin, duk suna cin ruwan gwal. Ki faɗa wa kwastoma tun wajen miƙa mata: a gama shafe-shafe da feshe-feshe sannan a sa sarƙa, a cire kafin wanka, a goge da ƙyalle a ajiye a leda mai zif, in da ɗan ƙunshin nan mai tsotse danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi a jefa ciki. Wasu na shafa jan farce marar kala a kan ƙarfen, yana ɗan jinkirtawa amma ɓarewa yake yi, ni ba na yi wa kayan sayarwa. Kuma don girman Allah kar kalmar "ba ya koɗewa" ta fito daga bakinki. Ki ce yana jimawa in an kula da shi.

Ya zan gane murjani na gaske?

In araha ne ba shi ba ne. Yawancin na kasuwa kwalba ce ko roba ko rinanne. Roba ba nauyi kuma ba sanyi a hannu, rinanne kuma in kin goga auduga da abin goge farce za ki ga ja ya fito. Ba laifi ba ne sayar da na kwaikwayo, laifin ki kira shi na gaske.

In yi oda daga Chaina?

Ba yanzu ba. Hoto ba ya nuna nauyi, ba ya nuna girman rami, abin da kika zata kamar ƙwallon dabino ya iso kamar gero. Sai kin san milimita 6 da 8 da ido, kin san abin da ke tafiya a unguwarku, sannan ku haɗa kuɗi ku 3 ko 4 saboda kuɗin jirgi.

Nawa zan sayar?

Lissafi za ki yi, ba duba fuskar mai saye ba. Igiya ɗaya ta dutse mai milimita 8 tana da wajen ƙwaya 48, abin hannun babba mai inci 7 na cin wajen 22, kin ga igiya ɗaya abin hannu 2 ke nan. Raba kuɗin, ƙara huk, zare, leda, kuɗin adaidaitar da kika hau zuwa kasuwa, da ladan zamanki. Wannan na ƙarshen shi kuke mantawa, ki yi awa 4 a sunkuye bayanki na ciwo sannan ki ɗora ribar da ba za ta sayi katin waya ba.

Dangi suna cewa in ba su za su biya ƙarshen wata

Kin san amsar.

Ni namiji ne, zan iya?

Sosai ma. Maƙeran azurfa da masu zura carbi a kasuwa ai maza ne. Ka fara da carbi mai 33 ko 99, zare mai ƙwari, kasuwarsa ba ta mutuwa musamman da azumi da dawowar alhazai.

Na yi guda 5 duk sun karkace, in haƙura?

Haba 'yar uwa, 5 kacal? Kwantar da hankalinki, tawa ta farko mahaifiyata ce kaɗai ta yarda ta sa, ita ma a cikin gida. Ki warware ki sake, dutse ba ya lalacewa, zare kawai kika yi asara. Ki dai daina ja da ƙarfi, yawan matsewa ne ke sa sarƙa ta ƙi kwanciya a wuya, ki bar ɗan sarari kamar kaurin farce kafin ki matse sitofa.

Ina da ƙananan yara a gida

Kwalba mai murfi, saman wadrob. Yaro na tura dutse a hanci ko kunne cikin ƙiftawar ido, in hakan ta faru kar ki sa tsinke ko ashana ki ce za ki zaƙulo, ƙara turawa za ki yi, asibiti za ki kai shi. Kuma ki share ɗaki duk ranar da kika yi aiki, guntun wayar da filaya ke yankewa tsalle yake yi ya shige kafet, sai an taka ake sanin yana nan.