Idan Gadar Sama Ta Biyo Ta Kan Gidanka: Me Doka Ta Ce Game da Diyya?

Duk wanda ya taɓa maƙalewa a shataletalen Dangi ko na Hotoro da yamma, kafin a yi musu gada, ba sai an faɗa masa amfanin gadar sama ba. Kano ta ga ta Ƙofar Nasarawa a zamanin Kwankwaso, ta ga Dangi da Hotoro a zamanin Ganduje, gwamnatin Abba kuma ta ɗauko Ɗan Agundi da Tal'udu. Kaduna ma an sake gina ta Kawo a zamanin El-Rufa'i. Sai dai gada ba a iska take tsayawa ba. Tana son fili na hawa da sauka da na kwana, filin nan kuwa sau da yawa gidan wani ne ko shagonsa. Da safe mutum ya fito ya tarar an shafa wa katangarsa jan fenti, daga nan barci ya ƙaurace masa.

Dokar da ke aiki a nan ita ce Dokar Amfani da Filaye ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Obasanjo ta kafa, kuma sashe na 315 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba ta kariya, ba a taɓa ta sai ta hanyar gyaran kundin. Sashenta na farko ya damƙa duk ƙasar jiha a hannun gwamna, ya riƙe ta amana saboda jama'a. Ma'ana, takardar nan da kake ɓoyewa a ƙasan akwati izinin zama ce da amfani da wuri, yawanci na shekara 99. A Arewa wannan ba baƙon abu ba ne, domin dokar filaye ta 1962 ma kusan haka ta tsara.

Sashe na 28 ya ba gwamna ikon soke wannan izini idan maslahar jama'a ta buƙata, gina hanya kuwa yana ciki, babu gardama. Amma akwai ƙa'ida, kuma a nan ne mai gida ya fi samun abin kamawa. Dole sokewar ta fito a rubuce, da sa hannun jami'in da gwamna ya wakilta, kuma a isar da ita ga mai wurin. Sashe na 44 ya faɗi yadda ake isarwa: a miƙa masa hannu da hannu, ko a kai gidan da aka san shi, ko a aika ta rajista a gidan waya. Sai in an rasa gano shi ne za a bai wa wanda aka samu a wurin, in babu kowa a liƙa a jikin ginin inda za a gani. Jan fenti ba sanarwa ba ne a idon doka, haka ma shela a rediyo. Kotun Ƙoli ta sha rushe sokewar da aka yi ba tare da isar da takarda ba, ta kuma ce ba a ƙwace wurin wani da sunan jama'a sannan a miƙa wa wani ɗan kasuwa ya yi harkar gabansa.

To, diyya fa? Nan ne ake yawan shan mamaki. Sashe na 29 bai ce a biya ka farashin filinka a kasuwa ba. Abin da ake biya shi ne abin da ka ɗora a kansa. Gini, ana lissafa kuɗin da zai ci a sake yin irinsa, a cire tsufan da ya yi, a ƙara ruwa a kan ƙa'idar banki idan an yi jinkirin biya. Amfanin gona, jami'in gwamnati ne ke yanka masa kuɗi. Shi kuwa filin kansa, abin da za a mayar maka shi ne harajin fili da ka biya a shekarar da aka soke izinin, in ka biya ke nan.

Mu ɗauki misali. Maƙwabta biyu a bakin titi, fulotinsu ɗaya a girma. Ɗaya ya ɗora bene mai shaguna a ƙasa, ɗayan gidan ƙasa ne na gado, soro biyu da rijiya da bishiyar darbejiya a tsakar gida. Dillalai za su ce maka filin mai gidan ƙasar ya fi ginin da ke kansa tsada nesa ba kusa ba, amma a lissafin doka sorayen nan da rijiyar da bishiyar ne kawai za a auna. Kuɗin da zai karɓa da wuya ya saya masa fili a unguwar da aka haife shi, sai dai ya nausa bayan gari. A ganina wannan shi ne babban raunin dokar, kuma talaka ya fi ji a jikinsa. Sashe na 33 ya ɗan rage zafi: gwamna na iya bai wa mai gidan zama wani matsuguni a madadin kuɗi. Sai dai ganin dama ne, ba tilas ba, kuma idan sabon wurin ya fi tsohon daraja, rarar tana iya zama bashi a kanka.

Ɗan haya da ke shagon ƙasan benen nan, wanda ya shekara goma yana tara masu saye, sashe na 29 bai ambaci asarar cinikinsa ba. Masu tebura da kwantena da suka kafa a kan haƙƙin titi kuwa ba su da abin nema a doka, in an ba su wani abu tausayi ne. Wanda ba shi da satifiket na fili kada ya karaya: sashe na 34 ya ɗauki mai gini a birni tun kafin 1978 tamkar wanda gwamna ya bai wa izini, sai dai ya kawo hujja.

Idan kuɗin da aka yanka bai yi maka ba, sashe na 30 ya ce a kai ƙorafi gaban kwamitin rabon filaye na jiha. Sashe na 47 ya so ya rufe ƙofar kotu a kan yawan diyya, amma sashe na 44 na kundin tsarin mulki ya ce a biya ba tare da ɓata lokaci ba, kuma mai wuri yana da damar zuwa kotu, Kotun Ɗaukaka Ƙara ma ta taɓa rinjayar da irin wannan tanadi na kundin 1979 a wata shari'a da ta taso daga Kaduna.

Saboda haka ranar da ka ga jan fenti, kafin katafila ta iso, ka ɗauki hoton kowane ɗaki da rijiya da bishiya, ka haɗa takardunka da rasiɗan haraji, ka nemi ƙwararren mai kimanta kadara ya yi maka nasa lissafin. Da shi za ka zauna da jami'an gwamnati, domin bayan an baje ginin babu sauran abin aunawa.