Waiwaye: Yadda Aminu Ɗantata ya kai dukiyar fatake ƙofar jami'a

Alhaji Aminu Alhassan Ɗantata bai yi karatun jami'a ba. Firamaren Dala ya yi daga 1938 zuwa 1945, ya ƙarasa a makarantar da mahaifinsa ya buɗe wa 'ya'yansa a gida, daga nan sai kasuwa. Duk da haka shi aka naɗa uban Jami'ar Al-Qalam ta Katsina na farko, kuma da wuya a yi zancen masu tallafa wa ilimi mai zurfi a Arewa ba a ambaci sunansa ba. Labarin yadda aka yi haka ya faro tun kafin a haife shi a 1931.

Mahaifinsa, Alhassan, an haife shi a Bebeji a 1877, cikin zuriyar Agalawa, fataken da suka shahara da safarar goro daga Gwanja. Uban ya rasu yana ƙarami, uwar ta tafi Akra da kasuwancinta, wata mata mai suna Tata ta riƙe shi, daga nan sunan Ɗantata ya bi shi. Da ya kawo ƙarfi sai ya ga abin da yawancin fatake ba su gani da wuri ba: maimakon a yi watanni ana tafiya da jakuna, ana iya ɗora goro a jirgin ruwa zuwa Ikko, a ƙarasa da shi Arewa ta jirgin ƙasa, wanda ya iso Kano a 1911. Jirgin nan ne kuma ya buɗe cinikin gyaɗa. A 1918 Alhassan ya fara saya wa kamfanin Niger Company gyaɗa, yana raba kuɗi ga yaransa su shiga ƙauyuka. Lokacin da bankin Turawan Ingila ya buɗe reshe a Kano a 1929, sai da aka yi lodin raƙuma 20 na kuɗin azurfa kafin a kai masa ajiyarsa.

Attajirin Kano na wancan zamani yana da hanyoyin alheri da kowa ya sani. A dafa tuwo a fitar wa almajirai, a gina masallaci a unguwa, a biya wa malami kuɗin Hajji, a ba yaron gida jari idan ya yi aure, a fitar da zakka a kan kari. Alheri ne na gaske, kuma dubban mutane sun rayu da shi. Sai dai daga hannu zuwa hannu yake tafiya. Ran da mai gida ya kwanta dama aka raba gado, yawanci tukunyar ƙofar gida takan sauka, yaran gida kowa ya kama gabansa. Alhassan ya san wannan, shi ya sa kafin rasuwarsa a watan Agustan 1955 ya yi wa 'ya'yansa wasiyya da su haɗa kai kada su bari kamfanin ya wargaje. A ganina wasiyyar nan ita ce tushen duk abin da ya biyo baya, domin da an yi wa dukiyar gunduwa-gunduwa, da babu wanda zai iya ɗaukar nauyin abu mai girman jami'a.

Aminu ya shiga kamfanin a 1948 a matsayin mai sayen gyaɗa, wato daga bakin sikeli ya fara. A 1955 aka ba shi riƙon shiyyar Sakkwato, a 1958 ya zama mataimakin yayansa Ahmadu, da Ahmadu ya rasu a 1960 ragamar Alhassan Dantata & Sons ta dawo hannunsa bai cika shekara 30 ba. Shekarar samun 'yancin kai ce, gwamnatin Sardauna na gaggawar gina abin da Arewa ta rasa. Sashen gine-gine na kamfanin ya samu aiki a makarantar horar da hafsoshin soja ta Kaduna, da makarantar koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya, da faɗaɗa Jami'ar Ahmadu Bello wadda aka buɗe a 1962. Ke nan shigarsa ta farko harabar jami'a, a matsayin ɗan kwangila ya yi ta, yana lissafin buhun siminti da rodi. Wanda ya yi irin wannan aiki ya san nawa ɗakin karatu ɗaya ke ci, ya kuma san gwamnati ba kullum take da kuɗin a hannu ba.

Siyasa da aikin hukuma sun zo a tsakani. Ya zauna a Majalisar Dokokin Jihar Arewa a jamhuriya ta farko, sannan daga 1968 zuwa 1973 ya yi kwamishina mai kula da ciniki da masana'antu a gwamnatin Audu Baƙo, lokacin da sabuwar Jihar Kano ke kafa ƙafarta.

Sai gyaɗa ta faɗi. Farin farkon shekarun 1970 ya buge manoma, cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 ta ƙarasa abin da ya rage, kuɗin man fetur kuma ya ɗauke hankalin gwamnati daga gona. Dalar gyaɗa ta ɓace daga Kano, gidajen attajirai da dama suka bi ta. Gidan Ɗantata ya tsira saboda Aminu bai tsaya a kan sikeli ba. Dokar mayar da hannun jarin kamfanonin ƙetare ga 'yan ƙasa ta 1972 ta ba shi damar sayen hannun jari a kamfanoni da yawa, kamfanin Dantata & Sawoe na ɗan yayansa Abdulƙadir ya shiga aikin hanyoyi, daga baya kuma Aminu ya shiga harkar mai da kamfanin Express Petroleum. Gaskiya ce a faɗa cewa kaso mai tsoka na wannan dukiya ya samu ne ta hanyar kusanci da gwamnati da kwangilolinta, kamar yadda ya kasance ga kusan duk manyan attajiran ƙasar nan na zamanin. Shi ya sa nake ganin abin da suka mayar wa jama'a ba kyauta ce zalla ba, akwai hakki a ciki. Bambancin Aminu da wasu shi ne ya yarda da hakkin, ya kuma yi ta biya har tsufansa.

Inda salon ya fara sauyawa shi ne Gidauniyar Jihar Kano, wadda yana cikin waɗanda suka kafa ta. Asusu ne da aka tara don tallafa wa ilimi da ba ƙananan 'yan kasuwa jari. Jarin nan tsohon abu ne, abin da Alhassan ke yi wa yaransa ke nan. Sabon abin shi ne an ɗauke shi daga zauren mutum ɗaya an sa shi a hannun hukuma mai amintattu da littafin lissafi, yadda wanda bai san ƙofar gidan attajiri ba ma zai iya amfana. Haka kuma cibiyar wankin ƙoda da ya gina a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ya sa mata sunan mahaifinsa. Duk wanda ya taɓa jinyar mai ciwon ƙoda ya san yadda wankin nan ke cinye gida, ana yi sau biyu ko uku a mako, kuma ciwon ya yi katutu a yankin Haɗeja da Gashuwa. Ga shi asibitin nan ne inda ɗaliban likitanci na Jami'ar Bayero ke koyon aiki, don haka kyautar ta faɗa wa majinyaci, ta faɗa wa ɗalibi.

Zancen Al-Qalam yana da nasa asali. Da aka ba jami'o'i masu zaman kansu lasisi a karon farko a 1999, ukun da suka samu, Igbinedion da Babcock da Madonna, duk a Kudu suke, biyu daga ciki na majami'u ne. Musulmin Arewa sun daɗe suna maganar kafa tasu, magana kuwa ba ta gina ɗakin gwaje-gwaje. Gidauniyar Musulunci ta Katsina ce ta jajirce har aka samu lasisi a 2005, da sunan Jami'ar Katsina, kafin daga baya a mayar da ita Al-Qalam. Jami'a ce ta al'umma, ba ta wani mutum ɗaya ba, ba ta da gwamnatin da za ta riƙa biyan albashi. Irin wannan jami'a tana buƙatar wanda zai sa hannu a aljihu, tana kuma buƙatar wanda idan ya yi magana sauran masu hali za su ji kunyar ƙin bayarwa. Kujerar uban jami'a a bisa ƙa'ida ta girmamawa ce, ranar yaye ɗalibai ake ganin mai ita. A jami'ar da ke rayuwa da taimako kuwa, nauyi ce. Abin da ya fi burge ni a nan shi ne Bakano ne ya ɗauki nauyin nan a Katsina. Kowa ya san tsohuwar gasar da ke tsakanin Kano ta Dabo da Katsina ta Dikko, ɗaya na taƙama da Kurmi, ɗaya na taƙama da Gobarau, amma bai ce sai a garinsu ba. Da wannan tunanin ne ya shiga sahun waɗanda suka tsaya wa Bankin Jaiz, bankin da ba ya mu'amala da kuɗin ruwa, har ya fara aiki a 2012.

Na bayansa sun ɗauki hanyar, sun ma faɗaɗa ta. Aliko Ɗangote, jikan yayansa Sanusi ta wajen uwa, ya gina wa Jami'ar Bayero makarantar nazarin kasuwanci, ya gina wa Jami'ar Ahmadu Bello ɗakunan kwanan ɗalibai, a 2022 kuma aka sa wa jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil sunansa. Abdussamad Rabi'u ya fara raba wa jami'o'i Naira biliyan ɗai-ɗai a 2021, kuma iyalan Khalifa Isyaka Rabi'u sun buɗe jami'a da sunan mahaifinsu a Kano. Yau attajirin Kano da bai yi wa wata makaranta gini ba, sai a ga kamar da sauransa.

Abin da har yanzu bai kafu ba shi ne wakafi, wato dukiyar da ake tsayarwa har abada, ana amfani da abin da take samarwa wajen aikin alheri. Yawancin kyautar da ake yi wa jami'o'inmu gini ne, a yanke kyalle a tafi, sannan a bar jami'a da kuɗin wuta da gyaran rufi da albashin wanda zai koyar a ciki. Injin wankin ƙoda ma yana tsufa, kayan aikinsa kullum sai an saya. Azhar ta Masar ta yi ɗaruruwan shekaru tana ciyar da malamai da ɗalibai daga kuɗin gidaje da gonakin da aka yi mata wakafi. Mu ma muna da hukuncin a littattafan fiƙihunmu, Kano ma tana da hukumar zakka da hubusi, amma ba kasafai za ka ji an ce wannan rukunin kantuna ko wancan hannun jari an tsayar da shi har abada don wata jami'a ba. Muddin ba a kai nan ba, matsalar da Alhassan ya hango a 1955 tana nan, sai dai ta tashi daga ƙofar gida ta koma ƙofar jami'a.

Shi dai Alhaji Aminu bai janye hannu ba har ƙarshe. Da madatsar ruwan Alau ta ɓalle ta mamaye Maiduguri a watan Satumbar 2024, ya je da kansa yana da shekara 93, ya jajanta, ya ba da Naira biliyan 1.5. Ya rasu a Abu Dhabi ranar 28 ga Yunin 2025 yana da shekara 94. An yi masa sallar ga'ibi a Kano, aka kai shi Madina kamar yadda ya yi fata, aka binne shi a maƙabartar Baƙi'a ranar 1 ga Yuli. Allah ya jiƙansa da rahama.