Hausawan Sudan ba baƙin jiya ba ne

Har yanzu akwai masu ɗaukar Bahaushen Sudan a matsayin ɗan cirani da ya shigo jiya daga Najeriya. Abin takaici, har da wasu 'yan'uwanmu na Kano da Katsina. Wannan kuskure ne.

Tun kafin zuwan jirgin sama, alhazai kan tako da ƙafa ta Borno, Wadai da Darfur zuwa Sawakin, su tsallaka Bahar Maliya. Tafiyar kan ci shekaru. Wani guzurinsa ya ƙare ya tsaya noma, wani ya yi aure, zama ya kama shi.

Babbar hijira ta biyo bayan shigar Turawan Ingila Sakkwato a 1903. An kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jan jama'a, Fulani da Hausawa, suka kafa garin Mai Wurno kusa da birnin Sinnar na Sudan. Da aka buɗe gonakin auduga na Jazira a 1925, guminsu ya zuba a can sosai. Ita kuwa Sudan sai 1956 ta samu 'yancin kai.

Masu cewa mallakar ƙasa da sarautar gargajiya haƙƙin ƙabilun da aka tarar ne suna da hujjarsu, kuma saɓanin ya kai ga zubar da jini a jihar Bulu Nayil a 2022. A tattauna wannan. Amma a kira jikan Bahaushen da ya yi noma a Gadarif, gabashin Sudan, baƙo, ban yarda ba.