Onnagata

Onnagata, ko oyama, shi ne namijin da ya ƙware wajen fitowa a matsayin mace a wasan kwaikwayon gargajiya na ƙasar Japan da ake kira kabuki. Masana wannan wasa sun daɗe da amincewa cewa kyan fuska kaɗai ba ya yin onnagata, domin an sha ganin dattijo mai tamoji ya fito a budurwa, ƴan kallo kuma su karɓe shi hannu bibbiyu.

Asali

Ana danganta farkon kabuki da wata mata mai suna Izumo no Okuni, wadda ta fara wasanni a Kyoto wajejen shekarar 1603. A 1629 gwamnatin Tokugawa, wadda ke mulkin Japan a lokacin, ta hana mata hawa dandali bisa zargin cewa wasan ya cuɗanya da karuwanci, sai samari suka maye gurbinsu, su ma aka hana su a 1652 kan irin wannan dalili. Daga nan aka bar fagen ga manyan maza, aka kuma tilasta musu aske gashin goshi, wanda a lokacin shi ne alamar ƙuruciya. Masu fitowa a mata sai suka riƙa rufe wurin askin da ƙyalle mai launin shunayya, kafin hular gashi ta yawaita. Wannan doka ce ta raba sana'ar da dogaro da kyan ƙuruciya, ta mayar da ita aikin horo.

Koyarwar Ayame

Yoshizawa Ayame na ɗaya (1673–1729) shi ne wanda aka fi tunawa a cikin magabata. An tattara maganganunsa da sunan Ayamegusa, aka buga su a 1776, shekaru da dama bayan rasuwarsa. A ganinsa, wanda yake rayuwa a namiji duk yini ba zai zama mace da daddare don kawai ya shafa hoda ba, saboda haka ya kamata onnagata ya riƙe halin mace har a ɗakin shiri, ya ci abinci da kunya, idan kuma aka ambaci matarsa ya nuna jin nauyi. Ya ɗauki zuciya da ɗabi'a a matsayin tushe, sutura kuwa abin da ke biyo baya.

Horon jiki

Ɗan wasa yana koyon tafiya da gwiwoyi a haɗe, a ɗan lanƙwashe, yatsun ƙafa na kallon ciki, yana kuma sauke kafaɗu don jikinsa ya ragu a ido. Akan ba mai koyo takarda ya matse tsakanin gwiwoyinsa, ya yi tafiya ba tare da ta faɗi ba. Fuska da wuya ana shafe su da farar hoda, murya kuma a siranta ta.

Zamanin baya-bayan nan

An ɗage haramcin da aka yi wa mata a ƙarshen ƙarni na 19, amma manyan gidajen kabuki sun ci gaba da onnagata. Nakamura Utaemon na shida (1917–2001) ya mamaye fagen bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Bandō Tamasaburō na biyar, wanda aka haifa a 1950, ya yi fama da shan inna yana yaro, kuma an ɗauka tsayinsa ya yi wa mace yawa, amma a 2012 gwamnatin Japan ta sanya shi cikin gwanayen da take girmamawa a matsayin taskar ƙasa.

Saɓani

Har yanzu akwai masu ganin mata za su iya wannan aiki, da masu cewa macen kabuki ƙirƙirarriya ce da ba ta kwaikwayon mace ta zahiri. Ba a cim ma matsaya ba.